Madarar da ke Fita Daga Ƙirjin Sa'adu

Zuwa ga Babban Likitan asibitin da aka yi wa ɗana Sa'adu aikin zuciya.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Ni malamin firamare ne a Kwandiko ta ƙasar Gwaram, ɗan gidan masu shanu wanda boko ya janye daga ruga. Na biyo ta jarida ne domin wasiƙun da na aiko ta gidan waya, ga alama, su ma an ba su gado.

Na ɗaya. Ba ni da ƙorafi a kan aikin. Yaro ne ɗan shekara biyar da ba ya gama tsakar gida sai ya tsaya yana haki. Kuka ɗaure jijiyar da ta ƙi rufewa tun haihuwarsa, ya miƙe. Allah ya saka.

Na biyu. Kafin a sallame mu, ruwan da ke sauka cikin kwalba daga robar da kuka saka masa a ƙirji ya fara yin fari. Na ga ƙananan likitoci sun ɗaga kwalbar sun kalli juna, sun yi wani Turanci wanda ni mai karanta tarihin Rumawa don nishaɗi ban tsinci komai a ciki ba. Ruwan ya ragu, aka cire roba, aka ce mu tafi. An tambaye ni ƙabilata da addinina da sana'ata. Ba wanda ya tambayi abin da muke ci a gida.

Na uku. To, ga abin da muke ci. A wurinmu idan majinyaci ya dawo, ba a zuwa dubiya hannu sake: kowace mace da ƙwaryar kindirmonta. Mahaifiyata, Inna, ta ware wa jikanta saniyar da ta fi kowace nono. Da safe madara mai ɗumi, da rana fura, tuwo kuwa sai ya yi iyo a man shanu. Ta hana kowa taɓa man, har ni. Duk ƙauyen ana yaba mata.

Ba a jima ba haki ya dawo, ya fi na da. Muka kai shi asibitin Birnin Kudu. Likitan wurin ya soka allura tsakanin haƙarƙarinsa, ya zuƙo abu fari sol. Inna tana tsaye. Ta kalli sirinjin, ta gane kalar, ta zauna a ƙasa. Likitan ne ya yi mana bayani da Hausa: akwai wata 'yar siririyar hanya a ƙirji mai kai maiƙon abinci cikin jini, takan samu rauni wajen irin wannan aiki ko a hannun gwani. Idan aka hana yaro maiƙo takan warke da kanta. Mu kuwa kullum ƙara mata kaya muke yi.

Na huɗu. Yau Sa'adu yana kwance da sabuwar roba. Abin da ya ci, a kwalba yake ƙarewa. Layar da ke damtsensa ta sauko har gwiwar hannu. Ƙafafunsa sun fara kumburi, kuma an ce ƙaramin zazzaɓi ma yanzu yana iya kayar da shi. Ina shiga aji in rubuta darasi a allo, in juyo ban san me na rubuta ba. Ko keke ya tsaya a ƙofar makaranta sai in leƙa ko saƙo ne daga asibiti.

Buƙatuna ba su kai tsadar sabon benen da na ga kuna ginawa da kuɗin fetur ba. Likitan Birnin Kudu ya ce in ruwan bai tsaya ba sai an sake buɗe ƙirjin an ɗaure hanyar, kuma ba aikin asibitinsu ba ne. Ku aiko mana da amsa da alkawarin gado tun yaron yana da ƙarfin hawa mota. Sannan ku sa mai jin Hausa da Fillanci ya riƙa tambayar iyaye abincin gidansu kafin sallama.

Buƙata ta ƙarshe ba tawa ba ce. Tun ranar sirinjin Inna ba ta sake shiga ɗakin da yake kwance ba. Tana zaune a ƙarƙashin darbejiyar asibiti, ta daina shan nono, ta ce a sayar da saniyar. Na faɗa mata ba laifinta ba ne; ta ce ni malamin yara ne, ba likita ba. Ka rubuto layi ɗaya da hannunka in karanta mata, domin yaron yana ta tambayarta.

Allah ya ƙara maka basira, ya sa waraka a hannunka, ya raba ka da kallon kwalba irin wannan a gefen gadon ɗanka.

Wassalam.

Mahaifin Sa'adu,
Kwandiko.