Ni na yi guɗar da ke cikin faifan, surukata ake kora

Assalamu alaikum masu wannan shafi da masu karantawa. Ku ɓoye sunana. Ni tsohuwa ce, ban yi lakwal ba, wato boko, wata baiwar Allah mai riƙe sirri ce take rubuta abin da nake faɗa. Ku ji ni har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, wanda kuma ya zo don zagi ya tuna shi ma yana da kaka.

Daga ƙasar Maradi ɗana na fari ya ɗauko ni zuwa Greensboro ta ƙasar Amurka. Ina zaune a gidansa tare da matarsa, mu ce da ita Rabi, da jikana, mu ce da shi Sani. Sani maigidana ne na wasa, a bayana ya girma. Yaron nan ya tashi, an sa shi karatu, sai ya haɗu da wasu 'ya'yan Turawa masu gashi kamar jelar doki, suka kafa ƙungiyar kiɗan da suke kira rok. Kiɗa ne wannan? Ihu ne da jita, kamar an zuba tsakuwa a garwa ana girgizawa. Shi kuma Sani shi ne mai ganga. Jikan liman, mai ganga! Ni na fara tsine wa abin. Ni na zaunar da ubansa na ce in ya bar wannan shashanci ya zauna masa a gida ban yafe ba. Uban ya rantse a gabanmu cewa duk wanda ya taka wurin wasan yaron daga gidan nan, to ya nemi wani gidan. Na ce madalla. A shagon kayan miya na titin Gate City Boulevard, inda mata muke haɗuwa, babu wadda ba ta ji bakina a kan Sani ba.

Ana nan, ana nan, wata Asabar da la'asar na ji za su yi wasa a wani fili. Uban yana wurin aiki. Na ce da Rabi ta ɗauko mota ta kai ni, in hau dandamalin in jawo kunnen ɗanta a gaban arnan abokansa. Ta ce, "Inna, rantsuwar Alhaji fa?" Na ce, "Ke kika haife shi ko ni?" Ta ɗauko mabuɗi. Da muka isa ta ƙi fitowa, ta zauna cikin mota, ni na ja mayafina na kutsa cikin mutane masu warin giya da zufa, ina hailala ina ture su da sandata. Na kusa dandamali ke nan sai masu jita suka yi tsit, suka bar shi shi kaɗai da gangunansa. Jama'a, lugude yaron nan ya buga. Lugudena. Wanda muke yi da taɓare a tsakar gidanmu ni da yayata marigayiya, wanda nake buga masa a bayan faranti yana ƙarami don ya ci tuwo. Har wurin da ake cilla taɓarya sama a tafa a cafe, ya cilla sandarsa ya tafa ya cafe. Ban san lokacin da hannuna ya kama hancina ba. Na rangaɗa guɗa. Ni da na ajiye guɗa tun da na sauko daga Makka, ni da nake hana 'yan mata ita a biki! Turawa suka juyo suna tafi. Na rufe fuska na gudu mota, na ce da Rabi mu tafi, wai ban same shi ba.

Ashe waɗannan la'anannun yara suna da wata muguwar al'ada. Duk wasan da suka yi a gaban jama'a sai sun naɗe sautinsa, su sake shi ga duniya da sunan ƙungiyarsu, yadda yake, ba sa cire komai. Tarin mai waƙa, tsirkiyar da ta tsinke, kuskuren mai jita, kukan jaririn wani, duka. Wai ita ce gaskiyar kiɗa. Ni ina na sani? A gida mai ɗaukar kaset ɗin biki yana da kunya, in tsohuwa ta yi abin da bai dace ba yakan share. Waɗannan ba su da iyaye ne?

Faifan ya fito, ya shiga wayoyin 'ya'yan mutanenmu, daga nan ya shiga wayoyin iyayensu. Guɗata tana da wutsiya, takan karye a ƙarshe ta sake tashi, kuma mutum ɗaya na taɓa koya wa ita: Rabi, tana amarya. Ita take yin ta a bukukuwan garin nan tun da na daina. Wata Hajiya mai bakin almakashi, wadda ba ta iya wuce gulma ba ta tsinta ba, ta ce ai ta ga motar Rabi a bakin filin ranar. Shi ke nan. Ɗana ya kunna faifan a falo, ya mayar da wurin, ya sake mayarwa, ya ce, "Muryar wa ce wannan?" Ina zaune da carbina. Rabi ta dube ni, na dubi carbi. Ta ce, "Na je wurin, Alhaji." Ba ta ƙara ko kalma ba. Ya ce ta haɗa kayanta ta tafi gidan yayanta a Pleasant Garden har ya yi shawara da malamai a kan rantsuwarsa. Ni kuma, Allah Ya yafe mini, da bakina na ce, "Dama ita ke ɗaure wa yaron gindi."

Na kira Sani a ɓoye na ce, "Maigida, je ka ce da mai gashin dokin nan ya cire guɗar." Ya ce, "Kaka, live ne. We don't cut." Na ce ya yi mini Hausa, ɗan banza. Ya ce, "Ba ma yankewa. Ko mun yanke, mutane sun riga sun sauke a wayoyinsu. Wurin ne ma kowa ya fi so, suna tambaya wace ce." Sai ya durƙusa daidai fuskata ya ce, "Na san muryar da ta goye ni. Mama ba ta jan wutsiyar haka, numfashinta bai kai ba. Amaryata, ke za ki gaya wa Baba ko ni?" Ku ji rashin kunya! Yaron da na wanke wa kashi yake ba ni zaɓi. Na ɗaga sanda, ya kama bakin sandar ya ajiye a hankali ya fita.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Rabi. Kullum da safe sai ta kira ni. "Inna, an tashi lafiya? An sha maganin hawan jini?" Ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Da ta zage ni da na samu abin riƙewa. Wannan ladabin nata yana dafa ni da raina, na tsane shi, na tsani masu jita, na tsani Hajiyar nan, na tsani faifan da ba ya mantuwa.

In na yi shiru, auren da ya haifi jikana zai iya mutuwa a kan guɗar da ba ta yi ba. In na faɗa, ɗana ya rantse a kan wanda ya taka wurin, to uwarsa zai kora? Da wane ido zan sake shiga shagon nan? Akwai kuma wanda ban gaya wa kowa ba sai ku: Sani ya sa mini faifan a wayata, in gidan ya zama ba kowa nakan kunna wurin luguden, kuma har yau hannuna yana tashi zuwa hancina.

Ranar Juma'a ɗana zai ga malam bayan an sauko masallaci, Sani ya ce shi ma zai je. Jama'a, me zan yi?