Loma Ta Biyu

Arada, Addis Ababa
Ƙarshen damina, 1933 a lissafin mutanenki na can

Askale, farin wata a kan dutsen Entoto, zumar da ba a tsarma wa ruwa ba, furen rawaya da ke rufe tudu bayan ruwan ƙarshe, sanyin idona kuma ƙayar da ta maƙale mini a maƙogwaro: tambaya ɗaya gare ni, kuma don Allah kada ki amsa mini da Faransanci. A wace makaranta, a gaban wane malami mai gemun bunsuru, aka koya miki cewa hannuna ƙazanta ne? Shafi na nawa ne? Faɗa mini in je in karanta, ai yanzu na iya!

Ko kin manta ranar tafiyarki? Ni dai ban manta ba, kuma 'yan dakon tashar jirgin ƙasa ma ba su manta ba. Matan mishan sun zaɓe ki, ke kaɗai a unguwarmu, ki je Faransa ki koyo aikin ungozoma. Mahaifiyarki, Emama Tiruwork, ta ɗauko kwandon abinci a ka tun daga gida har tasha, ta ce 'yarta ba za ta shiga cikin ƙarfe da yunwa ba. Muka zauna a kan akwatunanki. Kina sanye da farar rigar da na ɗinka miki, wadda na yi wa ado a wuya har idona ya yi ja. Sai kika yagi injera, faffaɗar wainarmu mai tsami, kika naɗe tsokar kaza da ɓarin ƙwai da miyar barkono, kika ɗago hannun nan naki mai kama da reshen inabi, kika sa mini a baki. A gaban uwarki! A gaban jama'a! Wa ye bai san ma'anar wannan ba a ƙasar nan? Budurwa ba ta ciyar da tela da hannunta don ta ga yana jin yunwa. Gwaggonki Etenesh ta daka miki tsawa, ta ce, "Ke 'yar nan, loma ɗaya faɗa ce! Ƙara masa ta biyu, kada ku rabu da gaba." Jirgi ya yi kuka. Kika lashe yatsa, kika yi dariyar nan taki da ke sa tsuntsaye su yi shiru, kika ce, "Ta biyu sai na dawo, tela. Ka riƙe bakinka a buɗe."

Na riƙe, Askale. Shekara uku bakina a buɗe kamar ƙofar gidan da aka yi wa sata. Ƙuda ya shiga, ƙura ta shiga, dariyar abokai ta shiga. An kawo mini 'yar mai sayar da gishiri, na ce cikina a cike yake. An nuna mini wata mai gona da alfadarai biyu, na ce ina azumi.

Kin ce za ki rubuto, kin kuwa san a lokacin ban san baƙi ko ɗaya ba. Na yi rantsuwa ba zan kai maganarki wurin marubutan bakin coci ba, su karanta mini da ƙarfi masu wucewa suna ji. Sai na tattara tsofaffin jaridun da nake yanka fasalin riga da su, na riƙa tare masu kawo ɗinki ina tambayarsu, wannan fa, wancan fa, har aka fara cewa telan Arada ya taɓu. Haruffa sama da ɗari biyu na haɗiye ba malami, ba bulala, ba komai sai son ki. Me ya zo? Kati guda, da hoton wata hasumiyar ƙarfe mai kama da raƙumin dawa da aka feɗe. A bayansa kin rubuta: "Ana sanyi. Gaida Emama." Madalla! Ashe saboda rahoton sanyi na yi wa kaina wannan wahala.

Amma karatu bai ɓace ba. Tun daga nan babu takardar da ta wuce ni, har da abin da 'yan'uwanki matafiya suke rubutawa a jarida idan sun dawo. Kai, jama'a! Wannan ya je koyon shari'a, wancan ya je koyon gina gada, wani ya je koyon busa wani ƙarfe mai lanƙwasa. Kowa ya sauko daga jirgin Jibuti da malafa, da sanda alhali ƙafarsa lafiya lau, da tabarau alhali yana hango kuɗin mutum daga nesa. Ba su da magana sai ta babban birnin Faransa, "a Faris". A Faris ba a tofar da yawu. A Faris alfadari ba ya kashi a titi. A Faris ruwan sama ma da izini yake sauka. Ɗayansu, wanda na san shi tun yana kiwon awakin kakarsa ba wando, ya tsaya a kasuwa yana nuna buhun tef da sanda yana tambayar sunan wannan ƙaramin hatsi! Ai komai daɗewar icce a ruwa ba ya zama kada. Ni nake ganin asirinsu, don wurina suke zuwa. Wandon can matsattse ne, ba a yi shi don zama a kan 'yar kujera gaban kwandon abinci ba. Da sun durƙusa gaida iyayensu sai ka ji ɓarrr! Washegari ga su a shagona, an naɗe wayewar kai a cikin jarida, ta yage daga baya. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Shugabansu kuwa shi ne Lij Mekbib, ɗan manya, mai zanen hoto, wanda kuka shigo jirgin ruwa ɗaya kuka dawo. Shekara biyar ubansa yana sayar da shanu yana aika masa, ya dawo ya zana tsohon, hoton ya fito kamar kabewar da alfadari ya taka. Da aka yi magana ya ce ba mu da idon gani. Mu da muka tashi muna kallon mala'iku masu manyan idanu a bangon coci!

Shi ne ya zauna kusa da ke ranar da Emama ta yi walimar dawowarki. Na zo da wuri. Na yafa gabi, babban mayafinmu na auduga, mafi fari da nake da shi. Da na gan ki, wallahi na kasa ɗauke ido: kin rame kaɗan, kin yi haske kamar hantsi bayan ruwa, wuyanki kamar tulun gahawa, idanunki na nan yadda na san su, tafkuna biyu da ba su da gaci. Aka buɗe kwando, kowa ya miƙa hannu. Ke kuwa aka kawo miki faranti naki ke kaɗai, da cokali mai yatsu, kika riƙa tsire injera kamar mai kashe kunama. Na jira. Na yi tari. Gwaggo Etenesh ta harare ki har idonta ya kusa faɗowa. Ko ɗago kai ba ki yi ba. Sai na ce a raina, wataƙila kunya ce, bari in buɗe mata hanya. Na naɗa loma, mafi kyawun da hannu ya taɓa naɗawa, ƙwai a tsakiya, na miƙo miki a gaban kowa.

Kika ja kanki baya. Kika dubi yatsuna kamar kin ga gawa, kika ce a hankali, "Ashagre, ka wanke hannu da sabulu kuwa?" Mekbib ya kwashe da dariya har malafarsa ta faɗi, ya ce, "A Faris kowa da farantinsa, tela. Ciyar da kanka!"

Kin san tsawon lokacin da hannun namiji yake yi a sama idan an ƙi lomarsa? Ya fi shekara ukun nan tsawo. Miya ta gangaro mini ta wuyan hannu, ta shiga cikin farin gabi, ja wur kamar an yanka ni. Uwarki ce, Allah ya saka mata, ta matso da tsufanta ta buɗe baki ta karɓa, ta tauna da dasashin da ba haƙori, ta ce, "Ɗana, hannunka albarka." Ta rufa mini asiri, ta kuma rufa miki. Ke ko kunnenki bai yi zafi ba?

Kada ki ce jahili ne yake zagin ilimi. Na san abin da kika yi wa matar maƙwabcina Wondimu, da ɗa ya zo mata a gicciye, tsofaffi suka fara kuka, kika wanke hannu har gwiwa kika shiga, kika fito da yaro yana tsala ihu, uwar kuma da ranta. Ina bakin ƙofa. Na yi kuka kamar ni aka haifa, na ce wannan hannun ya taɓa shiga bakina! Cikin duk waɗanda jirgin nan ya kwasa ya dawo da su, ke kaɗai kika kawo abin da ya fi malafa. Shi ya sa abin ya fi ciwo. Da Mekbib ne ya ƙi lomata, da na gode wa Allah na cinye abata. Ƙwayoyin cutar da kike faɗa, waɗanda ido ba ya gani, na karanta labarinsu, ban ƙaryata ba. Amma ki gaya mini, tauraruwata: a can ba su nuna miki wata ƙwayar da ke kashe mutum yana tsaye, ana kallonsa, da loma a hannu ba?

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shekaranjiya Mekbib ya shigo shagona ya jefa mini yadin ulu mai kauri a kan keken ɗinki, ya ce in ɗinka kwat ta mace, ta sanyi, don zai koma Faris nuna hotunansa kuma ba shi kaɗai zai tafi ba. Na ce ina awo? Ya yi murmushi ya ce, "An ce ka san shi a ka." Na san shi kuwa! Na san faɗin kafaɗarki kamar yadda na san addu'ar safe. Yadin yana nan a shimfiɗe, almakashi a kansa, ban yanka ba. Garin nan kaf ya ce kin amsa masa. Uwarki ta ce ba ta sani ba. Ni kuma ba na karɓar saki daga bakin mai zanen kabewa, tunda ba shi ya ciyar da ni a tasha ba.

Ranar Lahadi zagayen walimar Waliyyi Giyorgis ya faɗo gidanku. Limamin coci zai zo ya sa wa gurasa albarka, Gwaggo Etenesh za ta zo, matan unguwa duka za su zo, Mekbib ma na san ba zai ƙi giyar zuma ta kyauta ba. Ni ma zan zo. Na sayi sabulu, babba, mai ƙamshi, irin na kantin Girkawa. Zan tsaya a tsakar gida in wanke hannu har gwiwa, in wanke baki, in kin so har kunne, kowa yana gani. Sannan in zauna daidai gabanki.

A gaban mutane kika ba ni ta farko, a gabansu nake son amsa. Kada ki aiko yaro, kada ki rubuto kati, kada ki tare ni a bayan gida da hawaye. In har yanzu ni ne, ajiye cokalin nan, ki yagi injera da hannunki ki cika abin da kika fara, ni kuma in mayar wa Mekbib ulunsa ya yi wa kabewarsa bargo. In kuwa ba ni ba ne, ki tashi tsaye gaban liman da uwarki, ki faɗa da harshen da aka yaye ki da shi, ki ce gwaggonki ta yi gaskiya, loma ɗaya faɗa ce. Na rantse da Giyorgis, ranar Litinin zan yanka yadin, in ɗinka miki kwat ɗin da babu irinta ko a can, in sa mata shafi biyu kada sanyin da kika ba ni labari ya taɓa ki. Iyakar muguntata ke nan, don ban iya ƙin ki ba, kuma babu jaridar da zan koya a ciki.

Ki amsa, Askale. Ki amsa da ƙarfi, na bakin ƙofa ma su ji.

Naki jiya, naki Lahadi, naki ko jirgi ya sake yin kuka,
Ashagre tela, wanda har yau bai rufe bakinsa ba.