Safa a Bakin Jiniya

Coatzacoalcos, 9 ga Yuni

Yajaira tawa,

Da fatan kuna lafiya, ke da 'yarmu Nereida. Yaya ƙafar Mama? Ni lafiya lau, sai kewar arepa ɗinki, wainar masarar nan.

Aikinmu a masana'antar taki ya kusa ƙarewa, muna cire tsofaffin jiniyoyin gargaɗi muna kafa sababbi. Tsofaffin kuka suke yi sau ɗari a yini ba dalili, har ma'aikata suka gaji suka toshe su da safa. Da na zaro wata safa, shugabansu Don Evaristo ya ce, "Ɗan Venezuela, mayar da ita, ta girme ka a aikin nan."

Muka yi dariya. Watan jiya bututun tururi ya fashe kusa da ni. Ashe jiniyar wurin ta daɗe tana gargaɗi, safa ta shanye kukan. Ba wanda ya mutu. Jin kunnena na hagu ne kawai bai dawo ba, likita ya ce a jira. Kada ki gaya wa Mama.

Washegari Don Evaristo da hannunsa ya zare sauran safar.

Allah ya tsare min ku. In na dawo, ki riƙa zama ta gefen kunnena na dama.

Mijinki,
Eleazar