Ƙofar Da Ba Ta Amsa Sallama

Litinin

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Tunda ka ce maganar kamfani a rubuce kake sonta, ga ta.

Sun ba mu gurbi a ranar gwaji. Asabar mai zuwa motarmu Tsattsewa za ta hau filin tsere tare da motocin manyan kamfanoni, a gaban 'yan jarida da masu saye. Na je na ga inda suka ajiye mu: can ƙarshe, jikin banɗaki. Wani mai kwat ya tambaye ni motoci nawa muke ƙerawa a shekara, na ce ɗaya, ya ce Allah ya ba da sa'a yana danne dariya. Na haɗiye, ai ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Amma ba su ne suka ɓata mini rai ba, Kawu ne. Ka san shekara arba'in yana buga jikin mota, kuma garejinsa ya ba mu muka mayar masana'anta. Har yau bai yarda da zaren kabon ba. Na yi masa bayani ya fi sau goma: zare ne baƙi da ake saƙawa, a jera shi falle-falle da gam, a gasa a tanderu, ya fi ƙarfe ƙarfi, ya fi shi rashin nauyi. Ya ce shi dai tabarma yake gani.

Jiya ya ɗauki ƙaramar sifana yana zagaya motar yana ƙwanƙwasawa, kunnensa a manne da fenti. Da ya zo dokin ƙofar direba sai ya tsaya. Ya buga, ya sake bugawa, ya ce, "Auta, nan wurin ba ya amsa sallama." Wai ko'ina yana cewa kas-kas, nan kuwa bus-bus. A gaban ma'aikata, Yaya! Ni da na jera wannan ɓangaren da hannuna.

Ka yi masa magana, ya fi jin taka.

Ƙanwarka,
Auta

Talata

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na samu takardarki, na kuma fahimta.

Na farko, Kawu masanin ƙarfe ne, ba masanin kabon ba, kuma ƙaramin sani ƙunƙumi ne. Na biyu, wannan gurbin shekara uku muna nemansa. Idan ba mu fito ba, za a ce sababbin shiga sun tsorata, kuma ba za a sake gayyatarmu ba. Na uku, 'yan jarida za su fara leƙo gareji tun Alhamis. Ba na son a ɗauki hoton tsoho yana bugun motarmu kamar mai zaɓen kankana.

Ki ce masa ya huta a gida zuwa bayan Asabar. Ki faɗa cikin ladabi, amma ki faɗa. Ni nauyinsa nake ji, ke kuwa kina kusa.

Ki huta lafiya.

Yayanki

Laraba

Yaya,

Ina gaisuwa. Na isar da saƙonka, tunda kai nauyi kake ji, ni kuma aka ce ba ni da kunya.

Bai yi musu ba. Ya buɗe akwatinsa, ya jera gudumominsa bakwai, ya goge kowacce. A bakin ƙofa ya juyo ya ce da direban gwajinmu, "Ɗana, idan ka kai lanƙwasa, ka rage." Shi ke nan ya tafi. Ni da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ga abin da ya bar mini. Direban ya daina wasa da dariya. Bai ce ba zai tuƙa ba, mutumin kirki ne, sai dai na kama shi sau biyu yana shafa dokin ƙofar. Da tsakar rana da aka fita cin abinci na ɗauki sifanar na buga da kaina. Wallahi ban ji komai ba. Na sake, sai na ji kamar akwai. Na sake, babu. Kunnena ya saba da lissafi, bai saba da wannan ba.

Na buga waya inda suke da na'urar hango cikin kabon. Guda ɗaya ce a kusa, kuma manyan kamfanonin sun cika layi har mako uku. Na roƙi awa ɗaya tak. Matar da ta ɗauki wayar ta tambayi sunan kamfaninmu, ta sa na maimaita, ta ce ba ta ga ya taɓa zuwa ba.

Hanya ɗaya ta rage, in yanka in duba. In na yanka, ko lafiya lau ne, gyaran kwana goma ne, Asabar ta wuce. In ban yanka ba, mutum zai zauna a kan wurin nan yana gudun kilomita ɗari uku. Gaba kura, baya sayaki. Kai kana can kana jera mini na farko da na biyu. To, ga na huɗu: me zan yi?

Auta

Alhamis

Auta,

Gaisuwa. Kada ki yanka. Takardunki sun nuna komai daidai, ke kika karanta, ba shi ba. Kada ki rusa aikin shekara biyar saboda ƙarar sifana. Na hana.

Yayanki

Lahadi

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na san ka ga hotunan jiya, ka ga gurbinmu babu kowa. Na karanta abin da aka rubuta, wai Tsattsewa ta ga shaho ta koma sheƙa. Mai kwat ɗin nan ma ya aiko da jaje, munafuki.

Na yanka ranar Juma'a da safe. Zarton na shiga sai falle biyu suka rabu kamar shafin littafi. Kowane fallen kabon yana zuwa ne da siririyar leda a bayansa, wadda dole a ɓare kafin a ɗora na gaba, in ba haka ba gam ba zai kama ba. Ga ledar nan a kwance tsakaninsu, tsawon hannu guda. A jikinta an rubuta 17 da jar alƙalami, yadda nake sa wa kowane falle lamba. Rubutuna ne, Yaya. Direban ya duba, ya nemi kujera ya zauna.

Ka yi fushi in kana so, ni ma da kaina nake yi. Na sa ledar a ambulan na aika wa Kawu, na roƙe shi ya dawo. Kai ma ka rubuta masa, kuma kada ka sa masa na farko da na biyu.

Ƙanwarka,
Auta

Litinin

'Yata,

Bayan gaisuwa, Allah ya yi miki albarka. Na ga abin da kika aiko.

Kada ki zaci na yi murna. Kwana huɗu ina roƙon Allah ya sa kunnena ne ya tsufa, ku je ku ci manyan kamfanonin nan, a yi mini dariya. Ki gaishe mini da direba.

Maganar dawowa kuwa, ki bar ni tukuna. A garejina aka ce in je gida.

Kawunki