Rana ta bi ni har ƙarƙashin ƙasa

Zuwa ga ƙanwata Maliketso,

Gaisuwa mai tarin yawa daga Soweto, da fatan sanyin duwatsun Quthing bai tayar miki da ciwon gwiwa ba. Allah ya ƙara lafiya. Mu nan ƙalau muke, tarin matata ya lafa. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san sai da furfura ta fito na koyi riƙe biro a makarantar yamma.

Kin tuna rantsuwar da na yi ranar da ramin zinariya ya rufta da yayanmu Lefa, cewa ba zan ƙara shiga inda rana ba ta kaiwa ba? Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da ita. To, jikata Nthabeleng, wadda ta karanta zanen gini, tana cikin masu tsara sabuwar tashar jirgin ƙasa a ƙarƙashin birni. Kafin a buɗe, suna gayyato mutane, su rufe duk allunan nuna hanya, su ga ko za a iya fita ba tambaya. Ta ce in zo, tsofaffi take nema, domin yaro ko ya ɓata zai ruga ya gyara. Na ƙi. Ta ce dama ta san jarumtar Kaka a bakin tukunyar tuwo ta tsaya. Na je, da abokaina huɗu na zamanin rami.

Abin ya ɗaure mini kai. Sun yanka rufin tun daga titi kamar bakin rijiya, suka sa gilashi, bangon kuma fari ne mai karkata, yana miƙa hasken ƙasa. Na tambaye ta dalili, ta ce ƙafa tana bin ido, ido kuma yana bin haske, don haka aka ajiye matakala a inda ya fi haske. Ko ta yaya suka san inda rana za ta tsaya a watan sanyi? Har yanzu ina tunani.

Sai dai mun ɓata musu lissafi. Muna sauka, mu biyar muka tsaya cak a gindin matakala, muka ɗaga kai muna duba rufi, muna ƙwanƙwasa bango da sanda mu ji ko dutse ya saki. Hali zanen dutse. Mutane suka cunkushe a bayanmu. Na zaci mun ba ta kunya, amma ta ce mun nuna mata inda baƙo zai tsaya kallo, za a matsar da shingen duba tikiti da ke wurin don kada a cunkushe.

Da na miƙa hannu, Maliketso, rana ta kwanta a tafina, da ɗuminta. Na ambaci sunan Lefa. Ke ce kika ji rantsuwar da kunnenki, sai ki yanke hukunci: na karya ta, ko kuwa?

Ki gaishe da Tefo da matarsa Puseletso, da yaran duka.

Yayanki,
Moeketsi