Ƙyallayen Dakta Nasiru Ba Shara Ba Ne

Zuwa ga Shugaban Sashen Fiziks,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ce Rabi mai ɗinki a Fagge, matar marigayi Dakta Nasiru na sashenka. Tun da na fita takaba sau uku ina zuwa ofishinka, kullum kana mitin. Shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko. Shekara shida Malam yana gasa wasu baƙaƙen duwatsu masu maganaɗisu, kowanne bai wuce ƙwayar wake ba. Nakan tsokane shi cewa da gyaɗa ce da yara sun samu na taunawa. Yakan yi dariya, ya ce cikinsu kamar a hargitse yake, amma in aka haska su da eksire mai ƙarfi, irin wanda babu a ƙasar nan, yadda hasken ya watsu zai tona tsarin da ke ɓoye.

Na biyu. Tawada ba ta zama a jikinsu, don haka kowanne a ƙyallen atamfa muka ɗaure shi, ragowar ɗinkina. A littafinsa ma sunan da mu mata ke kiran atamfar ya rubuta, sannan zafin wutar da dutsen ya sha. Wanda bai san atamfofin Kantin Kwari ba, ba zai karanta shi ba.

Na uku. Madam Ngozi, abokiyar aikinsa, ta taso daga Sabon Gari ta shaida mini cewa masu injin eksiren a ƙasar waje sun amsa, a aiko da duwatsun bayan Babbar Sallah. Amma ka riga ka ba wani ofishinsa. Masu sharar da suka zo kwashe kayansa sun ga tsummokara, suka kwance goma sha ɗaya, suka zuba duwatsun a gwangwani guda. Waɗannan sun tafi ke nan, ba mai iya bambance su. Ranar na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ban ga laifinsu ba, ba wanda ya gaya musu.

Ranka ya daɗe, sauran suna cikin kwali a sito. Ina roƙo kada a ƙara kwance ko ɗaya, kuma a buɗe mana sito ni da Ngozi kafin Sallah. Ɗaurin hannuna ne, zan gane su.

Akwai ɗaya tak da ba a atamfa yake ba, yana cikin farar shadda, ragowar rigar da na ɗinka masa bai samu sawa ba. In ba za a aika da su ba, a ba ni wannan.

Allah ya taya ka riƙo, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam,
Rabi Nasiru, Fagge.