An Haɗa Ajinki da Nawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Maman Sadiya.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san takardar nan ba za ta iske ki ba, amma ba ni da wanda zan ba labarin makaranta in ba ke ba.

Tun rasuwarki ba a turo wata malama ba. Hedimasta ya ce a kwaso 'yan ajinki a haɗa da nawa, aka sa wa ɗakinki kwaɗo. Shekara tara ina jiyo muryarki ta bangon da ya raba mu. Yanzu in na kasa kunne, sai kukan awaki.

Makon farko na sha kunya. Kin san ni da tsawa da bulala. Na daka musu tsawa, nawa suka yi tsit don sun saba, naki kuwa suka firgice. Wata yarinyarki, Inno, 'yar rugar bayan Kurugu, ta fashe da kuka. Washegari ba ta zo ba, har kwana shida.

Sai na tuna abin da kike faɗa mini a kan babur, in muna komawa Karaye: "Malam, in ka ɗaga murya su ma ɗagawa za su yi. Yi shiru kawai, ka ɗaga hannu." Dariya nake yi miki a lokacin.

Na gwada. Na tsaya, hannu a sama, hayaniya na tashi. 'Yan ajinki ne suka fara ɗaga nasu ɗaya bayan ɗaya, suna zungurar nawa, har ajin ya yi shiru. Sai da na juya wajen allo don kada su ga idona.

Yanzu kafin su shigo na rubuta aiki a allo, yadda kike yi, ba wanda zai zauna hannu sake. Ina tsayawa bakin ƙofa ina kiran kowa da sunansa. Na raba su rukuni shida, kowanne da mai tara littattafai, ana canjawa duk Litinin. Waɗanda cirar gyaɗa ta hana zuwa, in sun dawo sai in haɗa kowa da wanda zai nuna masa abin da ya wuce.

Inno kuwa, har ruga na bi ta. Babanta ya shimfiɗa mini tabarma, ya ce Hausarta ba ta nuna ba, ke kike zaunar da ita kusa da Hassana mai jin Fulatanci. Ashe ni na raba su ranar da na jera yara bisa tsawo. Ban sani ba, Maman Sadiya. Ban taɓa tambayarki dalilin da ya sa kike zaunar da wance kusa da wance ba.

Na ba shi haƙuri, na mayar da su benci ɗaya. Jiya Inno ta miƙe ta karanta layi biyu a allo ba wanda ya taya ta.

Da murna na taho gida. Na jingine babur a soro, na yi sallama da ƙarfi, labarin na bakina. Ba kowa a gidan, Sadiyarmu tana makarantar kwana. Na daɗe tsaye a tsakar gida kafin na cire takalmi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki. Kowane harafi da yaran nan suka koya a hannunki, Allah Ya sa a mizaninki. Ya haɗa mu a Aljanna.

Naki,
Baban Sadiya